Kodin da Ba Ya Faɗuwa a Bakin Mata

Ɗiyana, tunda kun matsa, ga shi na zauna na rubuta. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, wanda na koya da girmana, don haka in kun ga harafi ya kauce hanya, ku maida shi da kanku.

Kusan kowane mako sai wani cikinku ya yi sallama ƙofar gidanmu nan Filinge, salula a hannu, ya ce, "Inna, koya mini abin nan da kike yi, wanda kuɗi ke shigowa mutum na barci." Nakan shimfiɗa masa tabarma in ba shi ruwa. Na san inda kunka samo zancen. Kun ga wani saurayi cikin bidiyo ya jingina da motar da ba tasa ba yana nuna ku da yatsa. Ni dai tunda na shiga sana'ar nan, abin da ya taɓa shigo mini ina barci sauro ne.

Sana'ar tana da dogon suna da faransanci, an rubuta mana shi a allo, ban riƙe ba. Dillanci ce. Kana da shafi a intanet, wani yana da kaya a kanti. Ka yi wa mutane bayanin kayan, wanda ya gamsu ya bi ta hannunka ya saya, mai kanti ya ba ka la'ada. In an duba ba a saya ba, ba ka da komai. In an saya ba ta hannunka ba, nan ma ba ka da komai.

Na tuna wata babbar tukunyar dalma da na ɗauko daga wajen maƙera, zamanin da nake dillanci da ƙafa. Na kai ta gida huɗu bisa kaina. A gida na ƙarshe matar ta ƙwanƙwasa ta da zobe, ta kara kunne, ta zuba ruwa ta ga ko tana yoyo, sannan ta ce a kira mai ita. Na je na zo da shi, anka yi ciniki gabana, ya ba ni la'adata gaban kowa. Unguwa duka ta ga ni na kawo mai saye. To a shafi ba mai ganinka. Shaidarka guda ce, inji, shi kuwa inji bai san gaisuwa ba, bai san wahala ba. Abu ɗaya ya sani, liyan. Liyan wani ɗan layin rubutu ne da mai kanti ke ba ka, da alamarka a jikinsa. Mai saye ya danna shi, ya kai shi kantin, alamar taka ta manne a salularsa. Ba ta dawwama, kwanaki take yi ta goge kamar lalle. Kuma in ya danna na wani bayan naka, sabon lalle ya rufe tsoho, la'ada ta zama ta hannun ƙarshe. Ku riƙe wannan da kyau.

Koyon nawa a zauren meri, wato ofishin magajin gari, anka yi shi, lokacin farar hula na bisa mulki. Wata ƙungiya ta kawo horo don mata masu sana'a, ta turo mana malami daga Yamai, Mushe Abdu, kamar yadda ake kiran ɗan boko da faransanci, mai takalmi mai tsinin baki. Rabin ajin don burodi da sardin sunka zo, ba su kuma ɓoye ba. Mushe ya ce kowa ta zaɓi abin da ta sani ta tsaya kansa, kada ta zama mai tallar komai da komai. Wata ta zaɓi turare, wata ta ce ita jiragen sama take so. Ni na zaɓi kayan sola na cikin gida, fitila da fanka da pano, wato faifan da ke zuƙar rana, da murhu mai tsimin icce. Ya ce da zarar mun buɗe shafi duniya duka za ta gan mu. Watan farko na duba. Mutum uku sunka shigo: ni, da Mushe, da wani daga wata ƙasa da ban san sunanta ba, wanda ya leƙo ya fita da sauri, da alama ya ɓata hanya ne.

A horon nan ne anka haɗa ni da kantin Alhaji Saini, wani Bazabarme mai saida kayan sola a Yamai, wanda ke ba masu shafi la'ada. Yin rajista sai da katin ɗan ƙasa da lambar da za a riƙa turo kuɗi. Katina ya mutu, sabo bai fito ba. Na koma gida na karɓo na Malam, maigidana. Mushe ya duba katin ya buga abin da ke ciki, anka wuce wurin.

Kayan aikin ba su da yawa. Salula, tawa fuskarta ta tsage, na ɗaure ta da roba. Ɗan pano na caji. Forfe, wato kuɗin intanet, wanda ke ƙarewa daidai lokacin da hoto ya kusa hawa. Sai wurin da rezo, wato sabis ɗin salula, ke kamawa, a gidanmu gindin rumbu ne ta gabas, a tsaye, fuska na duban Tondikandiya. Shafin kansa haya ne kamar rumfar kasuwa, kowace shekara sai ka biya, in ba ka biya ba a rufe, duk abin da ka rubuta ya tafi.

Fitilar farko da na yi wa bayani, sai da na saye ta da kuɗina. Na shanya ta a rana, na ba maƙwabciyata mai tuyar masa ta yi mako tana aiki da ita, na bar jikokina sunka kada ita sau biyu. Sannan na rubuta: haskenta ya isa tsakar gida, tana kai asuba in ta sha rana, amma mariƙinta ba shi da ƙwari, ku ɗaure shi da waya tun yana sabo. A ƙasa na ƙara da cewa in kun saya ta liyan nan ana ba ni la'ada, ku sani. Alhaji Saini ya kira ya ce, "Madam, kai talla kake yi ko ƙara kake kai ni?" Haka Hausarsa take, mace da namiji duk kai ne. Na ba shi haƙuri, ban kuma goge ba. Mariƙin nan da na kushe shi ya sa mata sunka fara yarda da ni. Kuma da yake yawancin masu sayena ba su karatu, ƙarƙashin kowane rubutu nakan sa muryata in karanta musu. Daga nan muryar ke tsallakawa salula zuwa salula, har Damana, har Sanam.

Masu saye kuwa sai haƙuri. Akwai Hajiya Kuluwa ta Sanam, mai saida man shanu. Ta tambaye ni kan fanka guda tun daga girbi har bazara: tana ƙara? tana cin batir? in akuya ta ture ta fa? Kowace tambaya da gaisuwarta, sai ta gaida Malam, ta gaida yara, ta tambayi gero. Ba ka cewa ta gaggauta. La'adar da nake samu ba ta gina soro, amma tana biyan hayar shafi, ta sayi forfe, ta sa nama cikin miya ran kasuwa.

Sai shekarar da sojoji sunka dawo. Anka rufe iyaka, wutar lantarki ta koma baƙuwa, ta leƙo ta gaishe mu ta tafi. Kowa ya tashi neman sola. Na ce a raina kakata ta zo. Na yi ta gwaji, ina rubutu, ina magana gindin rumbu har muryata ta dushe. Masu shiga shafin sunka yi yawan da ban taɓa gani ba. Fankoki na juyawa ko'ina cikin ƙasarmu ta Kurfai. In na duba wurin da inji ke nuna mini cinikina kuwa, sai in tarar da shi wayam.

Hajiya Kuluwa ce ta warware mini, ba da niyya ba. Ta kira tana godiya.

"Inna, fankar ga taki, Allah shi yi miki albarka. Har Alhajina ya bar kwana waje."

Na ce, "Madalla. Kin danna liyan ɗin?"

"Wane liyan? Ni in tura kuɗina cikin salula wurin mutumin da ban san ubanai ba? Ɗan Jimma na ba saƙo. Na ce mishi irin wadda Inna ta ce."

Ɗan Jimma direba ne, motarsa ke jigila tsakanin Filinge da Yamai. Ƙato ne mai gashin baki, muryarsa daga tasha ana jin ta a kasuwa. Kun san halinmu, ba mu saye da kanmu, saƙo muke badawa. Mace ta ƙulle kuɗinta a leda ta damƙa wa wanda ta san uwarsa. Ban ga laifin kowa ba a nan. Na same shi a tasha yana ɗaure buhuna, da wata sabuwar hula mai tambarin kantin Alhaji Saini a kansa.

Ya duƙa ya gaishe ni. Na ce, "Ɗana, wannan hula fa?"

"Kyauta ce, Inna. Ni ne babban dillalin Alhaji na bana."

"Kai ma shafi gare ka?"

"Ina ni ina shafi? Rajista kawai na yi, anka ba ni liyan. In na isa ƙofar kanti sai in tsaya in danna abina, in yi odar, in shiga in ɗauka. Ke kina bayani, ni ina dannawa. Ai aikin haɗin gwiwa ne."

Na ce, "La'adar ma ta haɗin gwiwa ce?"

Ya ce, "Wanga kuma sai ki tambayi inji, Inna. Shi ya ce hannun ƙarshe."

Bai yi ƙarya ba. Cikin makon nan saƙo ya zo daga kantin cewa duk dillalin da bai kawo ciniki ba kafin Sallah za a cire shi. Hayar shafina ma a bakin Sallar take cika. In anka cire ni babu la'ada, in babu la'ada babu haya, shafin da na yi shekaru ina ginawa ya rufe.

Na kira Mushe Abdu. Ya ce abu mai sauƙi, in mutanena ba su danna liyan, in nemi kodi. Kodi kalma ce da mai kanti ke ba dillali. Duk wanda ya zo saye ya faɗe ta, ko a waya ko a bakin kanta, a yi masa ragi, la'ada kuma ta tafi ga mai kalmar, ko liyan wa anka danna. Na ce wannan ya dace da mu, mu da komai namu a baki yake. Na roƙa, anka turo. Na buɗe saƙon gindin rumbu, na duba, na rufe salular da gefen zane.

Inji ya ɗauki sunan da ke kan rajista ya maida shi kodi. Sunan Malam ne, tsirararsa, ko Malam ɗin babu.

Ku yaran yanzu wataƙila ku ce to mene ne. Ni tunda anka kawo ni gidan nan sunan nan bai taɓa fita bakina ba, kuma ba a takardar nan zai fara ba. A shafi na manna shi da yatsa, idona na gefe. A murya kuwa na ce, "Kalmar ita ce sunan maigidana." Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma sunan Malam irin sunan nan ne da kowane gida a Kurfai ke da biyu ko uku. Wadda ba sunan mijinta ba ne, na surukinta ne. Wadda ba na surukinta ba, na ɗanta na fari ne. Ƴan matan da ake aike kuwa na ubansu ne. Kalma guda, ta rufe bakin rabin ƙasa.

Malam da ya ji labari ya yi murmushi ya ce, "Ashe ina da daraja a Yamai ban sani ba." Ya karɓi salular ya faɗi sunansa da kansa, a hankali, sau biyu, kamar mai amsa kira a asibiti. Mata sunka saurara, sunka yi dariya, sunka yaba muryarsa. Ji dai sun ji. Maimaitawa ce ba ta yiwuwa.

Ɗan Jimma kuwa ya samu abin wasa. Na tsaya a tasha da kaina na ga yadda ake yi. Mace ta miƙa masa kuɗin fitila ta ce, "Ka faɗi kalmar nan ta Inna a yi mini ragi."

"Wace kalma, Hajiya?"

"Kai ma ka sani. Sunan maigidanta."

"Maza nawa ne a Filinge? Faɗi mini in riƙe."

"Mai sunan uban ɗiyana."

"Ban san shi ba. Faɗi dai, ba mai ji."

Sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Allah shi shirye ka, tafi da ragin." Alhali shi da Malam sahu ɗaya suke sallar Juma'a. Wata mai wayo ta tura masa muryar Malam a salula. Ya dawo ya ce rezo ya hana ta buɗewa.

Saura mako guda Sallah na shirya zuwa Yamai. Motar da ta cika da safen nan tasa ce. Ya ba ni gidan gaba, ya saya mini ruwan sanyi a Baleyara, yana ta gudu kamar ana bin sa, yana ba ni labarin tsadar taya. Munka sauka ƙofar kanti tare, shi da saƙonnin mata, ni da katin Malam a ƙulle cikin gefen zane.

A bakin kanta akwai wata budurwa, Fati, gaban ordinata, kwamfutar kantin. Na ce ni dillaliyarsu ce daga Filinge, na zo kan maganar cirewa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kodinki?"

Na kai hannu gefen zanena.

"Madam, kodinki. In ba ki faɗi ba inji ba ya gane ki."

Na kwance katin na tura mata, na sa yatsa kan wurin. Ta karanta da ƙarfi, har masu dako da ke zaune bisa kwalaye sunka waiwayo. Ta ce, "To shi ne kika kasa faɗi?"

Alhaji Saini yana daga ciki, ya fito yana gyara tabarau, yana gaishe ni da Zabarmanci. Ya ce, "Fofo, Madam. Kai ne mai kushe mini mariƙi?" Na ce ni ce. Ya tambayi abin da ke faruwa, na faɗa masa daga fari, ban ƙara ba ban rage ba, Ɗan Jimma na tsaye yana duban rufi. Da na kai kan sunan, Alhaji ya zauna bisa kwali ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ni ma tawa, tun aurenmu, wancan take ce mini. Ran da likita ya tambaye ta sunana, sai da anka kira ƙanena."

Fati ta dafa kai. Ta ce, "Wai su ne matan nan masu kira? Wata ta ce mai sunan surukina, wata ta ce kin dai gane. Ni na ɗauka lamba suke ɓatawa, ina kashewa."

Alhaji ya ce, "To Madam, wace kalma ce duk matan Kurfai ke iya faɗi?"

Ban yi dogon tunani ba. Na ce, "Wadda nake kiransa da ita. Maigidana."

Fati ta buga, inji ya karɓa. Na roƙi izini na koma gefe, rezon Yamai ko ba rumbu yana kamawa, na yi murya guda na tura wa matan duka: kalma ta sake, ga sabuwa, ragi na nan, duk wadda ɗan saƙonta ya dawo ba ragi ta tambaye shi dalili. Ban gama ɗaure salular da robarta ba ta Ɗan Jimma ta fara kuka cikin aljihu. Ya duba, Hajiya Kuluwa ce. Ya kashe. Wata ta shigo. Ya kashe. Ya san matan nan, ya san gobe zai tarar da su a tasha.

Ya matso bakin kanta ya ce, "Wata fanka kuma, ta Hajiya Kuluwa. Da kodi."

Fati ta ce, "Wane?"

"Na Inna."

"Faɗi."

Ya share gashin baki. "Maigidanta."

Ta buga. "Inji bai san shi ba."

"Maigidan Inna."

"Babu."

Masu dako sun bar abin da suke yi. Ya sunkuya ya yi ƙasa da murya, shi da ba a taɓa jin ya yi raɗa ba. Fati ta kara hannu a kunne ta ce, "Fankoki na ƙara, ban ji ba."

"Maigidana!"

Wani cikin masu dako ya rangaɗa guɗa. Wani ya ce Allah shi ba da zaman lafiya. Fati ko murmushi ba ta yi ba, ta ce, "Ya shiga. Saƙo na gaba. Kowane da nashi ake faɗi." Saƙonnin ranar kuwa suna da yawa.

Ba a cire ni ba. Na biya haya kafin Sallah, shafin na nan har gobe. Ɗan Jimma bai yi asara can ba, kuɗin ɗaukar kayansa na nan, saƙon maza ma har yanzu ta liyan nasa yake bi, ban kuma ce komai ba, shi ma yana da iyali. Hular dai an karɓe ta da shekara ta zagayo. Mushe Abdu na ji yana ba da labarin a wuraren horo, wai dabarar da ya koya mini ce. Allah ya ƙara masa basira.

Ku da za ku fara, ku gwada kaya kafin ku yabe su, ku faɗi aibinsu, ku faɗi cewa kuna cin la'ada. Amma kafin duk wannan, ku je tasha ku zauna yini guda ku ga ta hannun wa kuɗin mutanenku ke bi, da abin da bakinsu ke iya ɗauka. Wannan ba ya cikin bidiyo.

Ranar Sallar, bayan an sauko idi, Ɗan Jimma ya zo gaida Malam a zaure, da zugar ƴan tasha a bayansa suna ƙunshe dariya. Ina daga tsakar gida ina jin su. Ya durƙusa ya yi barka da Sallah. Malam ya amsa a natse, ya tambayi iyali, ya tambayi mota. Sannan ya ce, "Ɗan Jimma, na ji abin da kake kirana a Yamai. To tunda ni ne, ban yarda da gudun nan da kake yi a hanyar Baleyara ba. Ka rage."

Ɗan Jimma ya ce, "To, Malam."

An ce ya rage.